Ƙafar Baba a Canton

Sallar farko da na yi a ƙasar Sin, baya na ba wa Ka'aba. Mun sauka da hantsi a wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, garin da mahaifina har ya bar duniya Canton yake ce masa. Da azahar ta yi na tuna ɓangaren da na ga rana lokacin da muka shigo, na shimfiɗa darduma na fuskanci gabas yadda na saba tun ina yaro. Ina sallamewa na tarar da Alhaji Sabo, mijin yayata, tsaye a bakin ƙofa yana riƙe da ciki don dariya.

"Malam Habu, kai da kake koyar da yara tarihi da taswira? Ai mun wuce Makka tun jiya. A nan yamma ake kallo."

Na ji kunya, na kuma ji haushi, na juya dardumar na sake sallar. Daga ranar na daina yarda da komai a garin nan, har da kaina.

Ni ba ɗan kasuwa ba ne. Alhaji Sabo ne mai shago a Kantin Kwari, yana neman wanda zai riƙa yi masa Turanci da rubutu, ni kuma ina neman hanyar zuwa Canton ko da a cikin buhu ne. Dalilina mahaifina ne, Malam Inuwa tela na Fagge.

Baba yana saurayi ya shiga jam'iyyar talakawa. A wani kamu 'yan doka suka farfasa masa gwiwar hagu, tun daga nan ƙafar ba ta sake lanƙwasuwa ba. In zai yi sallah, a zaune yake yi, ƙafar hagu a miƙe sambal a gabansa, shi ya sa a masallacin unguwa ƙarshen sahu nasa ne. Bayan an sake shi aka zaɓe shi cikin samarin Afirka da aka gayyata su ga yadda juyin juya hali ya canza ƙasar Sin. A ɓoye suka tafi ta Ankara, babban birnin Gana, ba a buga masa komai a fasfo ba, don a lokacin hatimin Sin a fasfonka tikitin gidan yari ne. Ya dawo da labarai cike da baki. Ana nan sai ga wata mujalla ta iso Kano da hoton baƙin, sun jeru a matakalar wani gini. Aka duba aka sake dubawa, babu Inuwa.

Ya ce lokacin azahar ne aka ɗauka, ya koma gefe yana sallah. Majalisa ta fashe da dariya. Sallah a ƙasar 'yan gurguzu? Aka ce a Ankara ya maƙale yana cin tuwon dokunu har sauran suka dawo. Sunan Inuwa Canton ya bi shi, har ta kai in yaro ya shirga ƙarya a layinmu sai a ce ya je Canton. Na yi dambe a kan wannan magana ba adadi.

Shekarar da soja suka koma bariki, jiha ta kafa kwamitin tattara tsofaffin hotuna da takardu da kaset-kaset, za a buɗe zauren tunawa da zamanin gwagwarmaya. Cikin dattawan kwamitin har da Alhaji Tanko, abokin Baba na ƙuruciya, wanda kuma shi ya laƙa masa sunan. Na je na same shi. Ya ce, "Habu, maganar gwiwa za mu rubuta, a gabana aka yi. Amma Canton, sai dai in ka kawo shaida." Na faɗa wa Baba. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa idanu, sai haske da inuwa kawai yake gani. Daga ranar ya daina fita majalisa. Shi ne na yanke shafin mujallar nan, na haɗa da hoton Baba na katin zaɓe, na biyo Alhaji Sabo.

Kwanakin farko na Alhaji ne. Da safe mu shiga kasuwar tufafi ta Baima, bene a kan bene, mu fito mu nufi Liwan wajen maɓallai da zif da leshi. Ciniki da kalkuleta ake yi, ka danna ka miƙa, mai shago ya goge ya danna nasa. Duk abin da ka nema wanda ba sa son ba ka, sai su kaɗa hannu su ce "meyo", wato babu. Garin zafi ne mai danshi, riga ba ta bushewa a jiki. Abinci kuwa Alhaji ya hana ni taɓa duk abin da ban ga kansa da ƙafarsa ba, sai na koma shayi da burodi da dafaffen ƙwai, ina mafarkin tuwon dawa da miyar kuka ido biyu.

Hausawan da ke garin a lokacin ba su da yawa. Mutanen Kano da na Maraɗi da Yamai ne, da yamma sukan haɗu a wani ɗakin cin abinci na Musulmin ƙasar. Nan na yi wautar tambayar inda gwamnati ke ajiye tsofaffin takardunta. Wani Alhaji ɗan Maraɗi ya ajiye cokali ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai wane kaya kake saye?"

"Ba na sayen komai, Alhaji."

"Ba ka saye, ba ka saidawa, kana ta rubutu cikin takarda, kuma kana biɗar ofishin gwamnati. To, madalla."

Ba a daɗe da fita daga mulkin soja ba, kowa na tsoron ɗan rahoto. Daga ranar in na shigo sai hira ta koma kan ruwan sama. Alhaji Sabo ya yi min faɗa sosai a hanya. Ya ce in ma na samu ofishin, abu ɗaya zai roƙe ni, kada in kuskura in ambaci sallah ko addini a gaban ma'aikacin gwamnatinsu, in ce tarihi nake bincike kawai. Na riƙe wannan gargaɗi da hannu biyu.

Mutum ɗaya ne bai guje ni ba, Gambo, wani ɗan zangon Kumasi mai haɗa baƙi da masana'antu. Ya ja ni gefe ya ce ya san wani babba a ma'ajiyar gwamnati, in ba shi shafin mujallar da hoton Baba, in kuma sa masa na mota. Na ba shi. Bayan 'yan kwanaki ya zo yana washe baki, ya zaro ambulan. Hoton mujallar ne, an wanke shi fes, ga Baba a tsakiyar sahun gaba. Sai dai Baban katin zaɓe ne, da furfurarsa da ramammen kumatu, an ɗora kansa a kan wuyan wani ƙaton saurayi mai kwat, wanda ya tsaya a kan lafiyayyun ƙafafu biyu.

"Gambo, wannan mene ne?"

"Masta, aiki ne mai kyau. Wa zai gane a Kano?"

"Kan wa kuka cire?"

"Oho, wani ɗan Kongo ne ko Gini. Shi ma ai ba zai sani ba."

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na ɗan tsaya ina kallon hoton, ina auna ko da gaske ba za a gane ba. Sai na tuna idon Alhaji Tanko. Na ƙwace shafin mujallata na ce ya ɓace min da gani. Ya tafi yana cewa ni ba na son taimako.

Ranar Juma'a muka je tsohon masallacin garin, mai doguwar hasumiya. Bayan an idar na zauna a inuwa ina kallon shafin nan, sai na ji an yi min sallama da Larabci mai kyau. Wani Basine ne siriri, da farar hula da tabarau, zai girme ni kaɗan. Ya ce sunansa Musa, yana yi wa Larabawa tafinta. Ya karɓi shafin ya duba, ya ce ya san ginin. Tsohon wurin ibada ne da aka taɓa mai da shi makarantar koya wa manoma juyin juya hali, yanzu gidan tarihi ne, kuma a bayansa akwai ɗakin da ake ajiye hotunan duk baƙin da aka taɓa kawowa. Ya ce zai kai ni.

Na ce nawa zan biya. Ya ce ba komai. Nan take na sa masa alamar tambaya. Gambo da ya karɓi kuɗi ma ga abin da ya yi min, ina ga wanda ya ce kyauta? A raina na ce wannan ko ɗan leƙen asiri ne, ko kuma lissafinsa mai tsawo ne. Amma ba ni da wani, sai na bi shi, fasfona a cikin aljihun da na ɗinke a ƙugun wando.

Muna shiga farfajiyar na gane matakalar. Ita ce, da jan bangonta da ginshiƙanta, ba abin da ya canza sai bishiyoyi da suka girma. Muka zagaya baya zuwa wani ɗaki mai warin tsohuwar takarda da maganin asu. Wata tsohuwa ce a ciki, gajeriya, gashinta fari an yanke shi daidai kunne, da kwalbar shayi a gabanta. Musa ya yi mata bayani mai tsawo. Ta dube ni, ta dubi shafin, ta ce, "Meyo."

Wannan kam ban nemi tafinta ba. Musa ya ce ba ta ce babu hotuna ba, cewa ta yi babu takardar gabatarwa. A ƙa'idarsu ba a buɗe wa mutum akwati sai wata ma'aikata ta tsaya masa da jan hatimi. Ni kuwa a fasfona ɗan kasuwa ne. Me ɗan kasuwa zai yi da hotunan zamanin juyin juya hali?

Muka yi ta zarya. Musa ya samo takarda daga ofishin masallaci, aka ce a kai wani ofis a ƙara hatimi, can ma aka ce a dawo. Duk inda muka shiga sai su yi ta magana da Musa kamar ba za su daina ba, in na ce me suka ce, sai ya ce, "Sun ce mu jira." Yaya za a yi zance mai tsawon huɗuba ya zama kalma uku? Na fara lura da shi. In ya shiga rumfar waya sai in ce rahotona yake kaiwa. In ya saya min ruwa sai in duba murfin. Shi kuwa ko a jikinsa, har lemo yake ɓare min a bas.

Da takarda ta cika, tsohuwar ta karɓi fasfona ta kwafe komai da ke ciki, harafi bayan harafi. Ta tambayi dalilin binciken. Na ce tarihi. Ta ce wane ne mutumin da nake nema. Na ce wani tela ne daga garinmu. Ko cewa mahaifina ne ban yi ba, don ban san inda maganar za ta ƙare ba. Ta sa farar safar hannu, ta ba ni irinta, ta fara fito da albam-albam.

Baƙin Afirka kam ga su nan. Ga su a gonar shinkafa sun naɗe wando, ga su a masaƙa, ga su suna tafi, ga su riƙe da furanni. Ba a rubuta sunan kowa ba, Musa ya ce abin da ke ƙasan kowane hoto shi ne abokai daga Afirka. Na gane tawagar mujallata, har da ƙaton mai kwat da Gambo ya sare wa kai. Na bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da gilashin ƙara girma da ta ba ni. Na koma farko na sake bi. Babu Baba. A matakala babu shi, a gona babu shi, a masaƙa babu shi.

A kan kujerar nan wani mugun tunani ya shigo min wanda ban taɓa bari ya shigo ba. Idan fa Alhaji Tanko ne mai gaskiya? Idan fa duk damben da na yi a kan ƙarya na yi shi? Na cire safar na ajiye, na ce wa Musa ya yi mata godiya.

Na duba agogo na ga azahar na neman wucewa. Da lafiya-lafiya ne da na bari sai na koma masauki, saboda gargaɗin Alhaji. Amma a ranar ban damu ba ko kama ni za a yi. Na yi alwala a famfon masu ban ruwan furanni, na koma gefen farfajiya kusa da wata bishiya, na shimfiɗa jarida, na fuskanci yamma. Ina sallamewa na ga tsohuwar a tsaye a baranda, ta kafe ni da ido, Musa na gefenta. Na ce shi ke nan, na jawo wa kaina.

Ta yi magana, Musa ya fassara. "Ta ce mutumin da kake nema, shi ma yana yin wannan?"

Na dubi Musa, ya gyaɗa min kai. Na ce a raina ai abin da zai faru ya riga ya faru. Na ce, "Gaya mata mahaifina ne. Ya ce lokacin da aka ɗauki hoton yana gefe yana sallah. Shekara da shekaru ana ce masa maƙaryaci."

Musa ya zare tabarau ya dube ni. "Malam, me ya sa ba ka faɗi haka tun ranar farko ba?"

Tsohuwar ta yi wani tsaki irin nasu, ta juya ciki, muka bi ta. Wannan karon ba albam ta ɗauko ba. Ta hau kujera ta sauko da wani akwatin ƙarfe, cike da fina-finan da aka wanke hotunan daga jikinsu, waɗanda masu hoto ke ce wa nagatif, kowanne a cikin 'yar takardarsa. Tana nema tana magana, Musa na fassarawa, kuma a karon nan bai rage komai ba. Ta ce tana budurwa a ɗakin wankin hoto na gidan ta fara aiki. A zamanin, in za a fitar da hoto, akan yanke duk abin da bai dace da saƙon ba. Albam na abin da aka yarda a gani ne. Amma fim ba a yanka shi, ba a kuma zubarwa, haka dokar ajiya take. Ta ce baƙi sukan ci abincin rana, sannan a jera su a yi hoto, kullum haka, kuma ta tuna wata tawaga da mai hoto ya yi ta mita a kanta, wai akwai wani da ba ya tsayawa a layi.

Ta zaro ɗaya ta ɗaga shi saitin taga, ta miƙo min gilashin.

A nagatif komai a juye yake, baƙaƙen mutane sun zama farare, Sinawa sun yi duhu. Ga matakala, ga tawaga yadda take a mujalla. Amma fim ɗin ya fi hoton mujalla faɗi. Can gefen dama, bayan inda aka yanke, kusa da wata 'yar bishiya da ba ta fi tsayin mutum ba, ga wani zaune a ƙasa. Ya sunkuyar da kai, fuskar ba ta fito ba. Hannayensa na kan cinya. Ƙafarsa ta hagu a miƙe sambal a gabansa.

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga tsohuwar ta ja da baya. Na ce, "Baba ne! Wallahi Baba ne!" da Hausa, kamar za su ji. Hawaye ya hana ni ganin sauran.

Musa ya karɓi gilashin ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago idonsa ya yi ja. Ya ce 'yan shekaru bayan wannan hoto aka rufe masallatansu, mahaifinsa a bayan ƙyaure yake sallah har ya tsufa, bai taɓa zaton akwai hoton mai sallah a cikin gidan nan ba. Sai kuma ya sake dubawa, ya yi murmushi.

"Amma Malam, irin ginin nan kudu yake kallo. Mahaifinka gabas ya fuskanta. Daidai inda ka tsaya ɗazu ya zauna, sai dai kai ka kalli Makka, shi ya ba ta baya."

Na yi dariya cikin kuka. In da da sauran shakka a raina, wannan ta kore ta. Ba wanda zai yi wannan kuskure sai mutumin garinmu.

Na ce a wanke min. Ta mai da fim ɗin cikin takardarsa, ta rufe akwati, ta ce, "Meyo." Hoton da ba a taɓa fitarwa ba, ba a ba wa baƙo. Na roƙa, na yi magiya, har na fara laluben aljihu, Musa ya riƙe min hannu da ƙarfi ya girgiza kai. Ta ba shi wata takarda ya cike, ta sa na sa hannu a ƙasan rubutun da ban iya karantawa ba. Na fito na ga Baba da idona, amma ba ni da abin nuna wa kowa.

Bayan kwana kaɗan 'yan sanda biyu suka zo masaukinmu da safe. Ni suka nema da suna. Suka karɓi fasfona, suka tambayi aikina a gida, da sunan mahaifina, da abin da za a yi da hoton. Na ce a raina, yaya aka yi suka san da maganar hoto? Suka rubuta amsoshina, suka mayar min da fasfon, suka tafi. Alhaji Sabo ya kusa haɗiye ni.

"Na gaya maka! Ga kayana a tashar jirgin ruwa ba a loda ba, in aka riƙe min kwantena saboda ƙafar Baba, me zan ce wa masu kuɗi? Wannan Musan naka shi ya sayar da kai. Me ka sa wa hannu?"

Na ce ban sani ba. Na yarda da Alhaji ɗari bisa ɗari. Musa ya zo masaukin sau biyu, na sa aka ce ba na nan. Ina leƙensa ta taga yana tafiya da lemarsa, ina tsine masa a zuci.

Ranar da za mu tashi, muna loda jakunkuna a tasi, sai ga shi ya sauko daga bas da gudu, da babban ambulan a hannu. Alhaji ya ce da Hausa, "Kada ka karɓa. Tarko ne, a filin jirgi za su cafke ka da takardar gwamnati." Na tsaya hannuna a baya. Musa ya lura. Ya buɗe ambulan da kansa, ya zaro hoton, ya juya min bayansa. Jan hatimi ne har biyu, da sa hannu.

Ya ce takardar da na sa wa hannu roƙon izini ce. Tsohuwar ce ta ɗauke ta da kanta ta kai wa shugaban gidan, ta yi ta bin ta ofis-ofis. Zuwan 'yan sanda yana cikin ƙa'idar, sai sun tabbatar da wanda za a ba wa. Ya zo sau biyu ya gaya min kada in tsorata, aka ce ba na nan. Da izini ya fito, ita ta shiga ɗakin wanki ta wanke shi da hannunta, cikakke, ba yanka.

Na rasa inda zan sa fuskata. Na kama hannunsa na ce ya yafe min. Ya ce, "Ka gaida mahaifinka. Ka ce masa wani a Canton yana neman addu'a." Na cire hular kaina, zanna ce sabuwa, na ba shi. Na ce ya kai wa tsohuwar godiyata, don ban da abin da ya kai in ba ta. Duk da hatimin, sai da jirgi ya ɗaga na daina waiwaye.

Na isa Fagge da la'asar sakaliya. Ban shiga gida da hoton ba, na ce a fito da Baba majalisa. Ya ƙi, na ce alfarma nake nema. Aka riƙo shi aka zaunar a kan benci a ƙofar shagonsa na dā, aka aika a kira Alhaji Tanko. Tsofaffin teloli suka taru, wani har ya fara cewa, "'Yan Canton an dawo?"

Na miƙa wa Alhaji Tanko hoton. Ya sa tabarau. Ya bi sahun da yatsa yana murmushi, don ya san hoton, ya san babu Inuwa a ciki. Sai yatsan ya wuce inda mujalla ta tsaya, ya kai gefe, ya tsaya. Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe a haka, ana ta leƙe ta kafaɗarsa.

"Wannan ƙafar Inuwa ce," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "A gabana aka karya ta."

Ya tashi da kyar ya durƙusa a gaban Baba, tsoho da tsoho, ya ce, "Inuwa, ka yafe mana." Ya ce hoton a ƙofar shiga zauren za a rataye shi.

Baba ya karɓi hoton yana shafawa da tafin hannu, ba abin da yake gani. Ya ce, "Akwai wata 'yar bishiya a wurin."

Na ce, "Tana nan, Baba. Ta fi gidan tsayi yanzu."

Ya gyaɗa kai. Don in sa shi dariya sai na matsa kusa da kunnensa na ba shi labarin alƙibla, yadda ni ma na yi, da abin da Musa ya gano. Bai yi dariya ba. Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Kana nufin duk zamana a can baya na ba ta?"

"Haka ne, Baba. Amma ai ba da sani ba ne."

Liman na wurin, ya ce babu komai a kansa, wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ba ya ramawa. Baba ya saurare shi har ya gama. Sannan ya miƙa wa Alhaji Tanko hoton, ya laluba ya dafa kafaɗata.

"Habu, kawo min buta. Kusan wata guda na yi a garin nan."